Buhun da Na Rataya a Gaban Fanka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zuba wa makarantar Malam Hamidu rufin kankare ba, kuma ko na so in manta, mutanen Zongo ba za su bar ni ba. Har yau akwai magina a garin Wagadugu da in sun hango ni a kan babur sai su toshe hanci su fara dariya tun kafin in yi musu sallama.

A lokacin ina neman auren Habsatu, 'yar Malam Hamidu, wadda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti. Ni kuma ina da ɗan shagon kayan waya a Zogona kusa da jami'a, inda na zauna da ɗalibai na sha surutunsu har na fara jin kamar ni ma na gama digiri. Mun daidaita da ita, baffana ya kai gaisuwa an karɓa, amma maganar sa rana ta tsaya cak. Malam bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Duk sanda baffa ya tayar da zancen sai ya shafa gemu ya ce, "Ana dubawa." Wannan dubawar ta ramar da ni, har abokan cinikina suka fara tambaya ko zazzaɓi nake yi.

Wata rana bayan la'asar Malam ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa can nesa da buzunsa, kaina a ƙasa.

"Ɗana," in ji shi, "a zamanin kakanninmu, saurayi in yana neman aure gonar suruki yake zuwa ya kama fartanya. Ni ba ni da gona, gini nake da shi. Ka ga benen da ake ɗora wa makaranta? Ka riƙa leƙawa kana kula min da ma'aikata."

Na ce, "Allah gafarta Malam, an gama." Ban san bambancin yashi da tsakuwa ba in ba da ido ba, amma na gane sarai cewa jarrabawa ce aka ba ni, kuma Habsatu ce sakamakon.

Kafin in ci gaba, akwai wani hali na Malam da ya kamata ku sani. Malam Hamidu ba ya barin atishawa ta wuce shi. A karatunsa, in Musulmi ya yi atishawa ya ce "Alhamdulillah", haƙƙinsa ne a kanka ka ce masa "Yarhamukallah", har sau uku, in ta wuce uku to mura ce, an sauke maka nauyi. Kowa ya san wannan, amma Malam ya riƙe shi da hannu biyu. Yana tsakiyar ba da karatu, in wani ya yi atishawa a sahun baya zai tsaya ya amsa. An ce ya taɓa tsayar da mai babur ɗin da ya goyo shi a bakin titi don ya amsa wa wata mai sayar da gyaɗa. (Ban gani da idona ba, amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya sai in ana maganar ƙwallo.)

Watan Afrilu ne. Wanda ya san Wagadugu a Afrilu ba sai na yi masa bayani ba. Da hantsi ƙarfen rodi ya riga ya fi ƙarfin a taɓa shi da hannu, ruwan randa kuma sai ka ce an sauke shi daga wuta. Leburori na aiki gumi na ɗiga daga gwiwar hannunsu, in sun zo hutawa a 'yar rumfar kwano da ke gefen ginin sai su tarar ta fi waje zafi. Ranar da na ga wani dattijo cikinsu ya zauna dirshan a kan bulo yana fifita da kwalin siminti, idonsa ya yi ja, gaskiya abin ya taɓa ni.

Shugaban maginan sunansa Rasmani, Bamoshe ne da ya girma a bayan layinmu, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Zongo. Shi ya ja ni gefe.

"Peti patron," wato ƙaramin ubangida, haka yake kirana don tsokana, "ranar zuba dal, rufin kankaren nan, ba a tsayawa fa. In an fara kwaɓa kankare da asuba, sai rufin ya rufu gaba ɗaya. Mutanena ba za su iya ba in babu inda mutum zai zauna ya sha iska ya koma. Akwai wani shantiye, wani ginin da ake yi a Dasasgo ƙarƙashin itatuwan darbejiya, suna ta kiranmu. In babu dabara, mu je can, mu dawo muku bayan damina."

Bayan damina! Na san in gini ya tsaya har bayan damina, "ana dubawa" ma za ta tsaya har bayan damina, in ma ba ta rikiɗe ta zama "an duba" ba. Na dafa kafaɗarsa na ce ya bar min komai, fanka zan kawo wadda ba a taɓa ganin irinta a Zongo ba.

Washegari na rufe shago na nufi babbar kasuwa, wajen wani mai kayan wuta da ake kira Isaka. Na shiga da tafiyar wanda ya san abin da yake yi. Abin da na fara ɗora wa ido wata farar fanka ce ta sama mai dogayen fukafukai. Na yaba ta, na taya, muka ja ciniki har muka kusa daidaitawa, sannan Isaka ya tambaye ni tsawon silin ɗin ɗakin don ya yanka min ƙarfen ratayewa. Sai a lokacin na tuna cewa rufin da za a rataye ta shi ne ba a zuba ba tukuna. Na yi gyaran murya na ce dama gwada shi nake yi.

Ya nuna min ta roba mai tsayuwa, irin wadda ke kowane ɗakin gwauro. Na ce wannan iskarta ta mutum ɗaya ce, shi ma in siriri ne. Ya fito da mai caji, ya ce ita ce maganin ɗauke wuta, ko an yi kupir tana nan tana juyi. Na sa fuskata a gabanta, ko gashin girata bai motsa ba. Ya ja ni wajen wata mai tanki a gindi da ke feso ruwa siriri kamar hazo, irin ta wuraren biki. Ita kam ta shiga raina, amma da na ji kuɗinta sai na tuna ni ma ina da bikin da nake tari, Isaka kuma ya ƙara da cewa ruwan tanki mai laka yana toshe mata hanci.

Can ƙuryar shagon na hango ta. Baƙa, ƙarfe zalla, faɗin bakinta ya kai farantin shinkafar suna, ƙafarta kuma sai mutum biyu sun kama. Isaka ya ce masu gidan burodi da masu walda ke sayen irinta. Da ya kunna, kalandar da ke bango ta tashi, hular wani mai wucewa ta bi ta. Na tsaya rigata na kaɗawa a baya, na ji ni wani babban mutum ne. Na ce a ɗaure min ita a amalanke.

Sai da muka kafa ta a rumfa muka jawo waya daga makaranta na gane inda aka kwana. Fanka ba ta ƙirƙiro sanyi, abin da ta tarar shi take turowa, kuma abin da ta tarar a ƙarƙashin kwanon nan wuta ce. Rasmani ya tsaya a gabanta ya rufe ido na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Peti patron, ka kawo mana bakin tanda. Saura ƙullun burodi." Leburori suka kwashe da dariya, ni ma na taya su da dariyar yaƙe.

A hanyar komawa gida dabara ta faɗo min, kuma har yau ina nan a kan bakana cewa dabara ce mai kyau. Mu jikokin fataken goro ne. Kakana da huhun goro ya shigo garin nan, kuma ina yaro ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidanmu shi ne ɗakin goro, saboda buhunan algarara da ake jiƙawa a lulluɓe huhu da su, ana yi musu yayyafi safe da yamma. In iska ta ratsa jiƙaƙƙen buhu, sanyi take fitowa da shi. To me zai hana in rataya jiƙaƙƙen buhu a gaban fankata? Na yi ta murmushi ni kaɗai a kan babur har wani mai mota ya leƙo yana dubana.

Matsalar ita ce buhun. Na siminti takarda ne, na shinkafa leda ne ba ya riƙe ruwa, gidanmu kuma an daina goro tun rasuwar kaka. Na kira Habsatu a waya na tambaye ta ko za a samu algarara a gidansu.

"Akwai a zaure," ta ce. "Tsofaffin na gawayi da aka wanke, suna can ciki bayan tabarmi. Amma waɗanda ke bakin ƙofa na Inna ne, kar ka taɓa su."

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji.

Ranar zuba dal da sassafe, injin kwaɓa kankare ya riga ya fara ruri, na lallaɓa na shiga zauren gidan Malam, wanda katanga ɗaya ce gajera ta raba shi da filin makarantar. Na sunkuya ina ɗaga tabarmi ke nan sai na ji takun silifa daga cikin gida, da muryar Hajiya, mahaifiyar Habsatu, tana tahowa tana yi wa wata magana. Ku fahimce ni. Tunda na fara neman 'yarta ban taɓa yarda mun haɗa ido da Hajiya ba. In na hango ta a layi sai in sauya hanya, ko da hanyar za ta kai ni Tiyanpalogo. A ce yau ta fito ta same ni tsugune a zaurenta da sassafe ina binciken kaya? Ban san sanda na miƙe ba. Na rungumi buhunan da hannuna ya fara kaiwa a bakin ƙofa, na fice a guje kamar wanda ya yi sata.

Na tsoma su a rabin duro. Ruwan ya ɗan yi ja, amma a garin da ƙasarsa ja ce, rigarka ja, takalminka ja, wa zai tsaya tambayar jan ruwa? Bayan hannuna ya ɗan yi zafi-zafi, na ce siminti ne. Na lanƙwasa rodi na yi masa tsaiko, na ninka buhunan na rataya a gaban fanka suna ɗigar ruwa, na yi bisimilla na kunna.

Jama'a, abu ya yi! Iska ta fito da sanyi mai daɗi kamar ta bayan ruwan farko. Wanda ya fara zuwa hutu shi ne Paskal, Kirista ne mai kula da injin kwaɓa, ya daɗe yana aiki a Zongo. Ya zauna a gaban buhun ya buɗe hannuwa ya ce shi kam ya samu gida, a gaya wa matarsa. Mutane suka riƙa saukowa daga kan gini bi da bi, su sha ruwa, su sha iska, su koma da ƙarfinsu, masu miƙa bokitin kankare har da waƙa. Dattijon nan mai fifita da kwali ya riƙe hannuna ya sa min albarka da Mosanci, ban ji duka ba amma na ce amin. Ni kuwa ina tsaye da bokiti, da buhu ya fara shan iska sai in watsa masa ruwa, kuma duk wanda ya zauna sai ya ji tarihin kakana tun daga hanyar Gwanja. Wani ya ce iskar har da ɗan ƙamshi take. Na ce ai algarara ta gaske haka take.

Bayan azahar aka rufe dal. A al'adar gini a wajenmu, ranar da aka zuba rufi mai gini ne ke ciyar da ma'aikata, a yi addu'a sannan a ci. Aka fito da manyan faranti na shinkafa da nama daga cikin gida, da bokitin zom-kom, ruwan geron nan mai tsamiya da citta da ƙanƙara a ciki. Sai ga Malam ya fito cikin farar babbar riga da farin rawani, dattawan unguwa na biye da shi. Yana shiga rumfa ya tsaya, ya ɗaga fuska, ya lumshe ido.

"Wannan sanyin daga ina?"

Rasmani, Allah ya saka masa, ya ce, "Malam, aikin yaronka ne. Ba don vantilate ɗin nan, fankar da buhunta ba, da yau ba mu gama ba."

Malam ya dube ni ya ce, "Madalla." Kalma ɗaya ce, amma ban taɓa samun ko rabinta daga bakinsa ba. Na ruga na shimfiɗa masa tabarma daidai saitin fanka, inda iska ta fi ƙarfi. Ya zauna, ya bubbuga tabarmar gefensa ya ce in zo in zauna. Ni, a gefen Malam, a gaban dattawa! Na zauna ina jin kaina ya yi wa hulata yawa. Ya tambaye ni inda na samo dabarar, na faro masa tun daga ɗakin goro, ya ce ai ya san kakana, mutum ne mai amana. A cikin wannan daɗin bokitina yana can gindin fanka, na manta da shi sam.

Malam ya ɗaga hannu aka fara addu'a. Addu'ar Malam Hamidu kuwa ba ta gaggawa ce ba. Sai ya roƙa wa ginin, da waɗanda suka gina, da waɗanda za su yi karatu a ciki, da iyayensu, da waɗanda suka kafa Zongo, da damina, da zaman lafiyar ƙasa. Yana kan waɗanda suka kafa Zongo na ji wani sauti, faf, faf, faf. Na saci kallo ta tsakanin yatsuna. Buhun ya bushe ƙayau, ya yi sakayau, iska na kaɗa shi yana dukan rodi, kuma duk dukan da ya yi sai wata 'yar ƙura ta tashi daga jikinsa. Na dubi hannun rigar Malam. Wasu jajayen ɗigo-ɗigo na sauka a kan farin yadi, har da wani ɗan ƙwaya fari-fari mai faɗi da na sani sarai, don ina ganinsa kullum a miya. 'Ya'yan barkono ne.

Na tuna muryar Habsatu tana cewa na bakin ƙofa na Inna ne. Amma ta yaya mai neman aure zai miƙe tsakiyar addu'ar suruki ya tsallake dattawa? Na ce a raina bari a shafa. Na riƙa cewa amin da ƙarfi ko Malam zai gane a taƙaita, shi kuwa ya ɗauka daɗin addu'ar nake ji, ya ƙara mai.

Paskal ne ya fara. Atishawa ɗaya mai ƙarfi da ta girgiza kwano, kuma saboda daɗewa a cikinmu sai ya ce, "Alhamdulillahi!" Malam ya tsaya, ya ce masa "Yahdikumullah" kamar yadda ake ce wa wanda ba Musulmi ba, ya koma kan damina. Rasmani ya karɓa. "Alhamdulillah!" "Yarhamukallah." Sai wani dattijo, sai lebura biyu a tare, sai ladan. Kafin a ce haka rumfar gaba ɗaya ta kama, wannan na yi wancan na yi, kowa kuma da hamdalarsa, don ba mai son Malam ya kama shi da rashin yin ta. Malam ya sauke hannu ya shiga juyi hagu da dama yana rabon "Yarhamukallah", hawaye na bin gemunsa, yana ƙoƙarin riƙe wa kowa lissafi.

"Rasmani, kai ka cika uku, taka mura ce, ka fita! Alhaji, kai saura ɗa... ɗa..."

Sai shi ma ta ƙwace masa. Rawanin ya zame ya rufe masa ido ɗaya. Ya ce "Alhamdulillah", mutanen da ya shekara yana koyarwa suka amsa masa baki ɗaya cikin tari da majina, ya buɗe baki zai mayar musu, wata ta sake zuwa.

A nan na watsar da ladabi na tsallake ƙafafun dattawa na nufi fanka. Amma nufar fankar nan shiga cikin barkonon ne kai tsaye. Idona ya rufe, hancina ya zama famfo, na lalubi bayanta na danna abin da hannuna ya samu. Ashe maɓallin da ke sa ta waiwaye ne. Fankar da ke kallon gaba ɗaya ta fara juya kai a hankali, ta bi masu gefen hagu da suka tsira, ta dawo ta bi na dama, ta ɗebi ƙurar ta tsallakar da ita gajeriyar katangar nan zuwa tsakar gida, inda matan da suka yi girki ke zaune suna hutawa. Sai muka fara jiyo sabon sahu daga can, siraran muryoyi. Malam, da yake ba ya barin haƙƙi, ya ɗaga murya yana amsa musu ta saman katanga. Na kama buhun zan fizge shi, ya maƙale a rodi, na girgiza shi da ƙarfi, wato na kakkaɓe abin da ya rage a fuskata.

Sai aka ɗauke wuta.

Fankar ta yi ƙugi ta rage gudu ta tsaya. Tunda aka kawo lantarki Zongo ban taɓa jin an ɗauke wuta a watan Afrilu an yi murna ba sai ran nan. Rumfar gaba ɗaya ta ce, "Alhamdulillah!" Malam kuma, ido a rufe, ya ce, "Yarhamukumullah."

Ban iya kallon kowa ba. Na ɗauki buta na riƙa bin mutane ina zuba musu ruwa suna wanke ido, ina ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, na faro daga leburori don tsoron isa wajen Malam. Kunya ta gaske na ji, kuma a ƙarƙashinta akwai baƙin ciki, don na riga na sallama. Mutumin da ya yi wa suruki da dattawan unguwa turaren barkono a tsakiyar addu'a, wa zai ba shi 'ya? Har na fara tunanin yadda zan gaya wa baffa.

Ina zuba wa Malam ruwa a hannu, shiru ya ɗan sauka, sai muryar Hajiya ta taso daga bayan katanga, a shaƙe amma a sarari. Ba ta san har rumfa ake jin ta ba.

"Ai ga shi nan! Tun safe nake neman buhunan nan! Na juye barkonon yajin bikin Habsatu na ajiye su a bakin ƙofa mai barkono zai zo ya karɓi abinsa, wani marar aikin yi ya kwashe!"

Ruwan butar ya ci gaba da zuba a ƙasa ban sani ba. Bikin Habsatu? Da wa? Na ɗago jajayen idanuna na dubi Malam, karo na farko a rayuwata da na dube shi ido cikin ido. Ya gyara rawani, ya share gemu, kafaɗunsa suka fara rawa. Da farko na ɗauka wata atishawar ce, ashe dariya yake yi.

"To, an riga ni," ya ce. "Na so sai an ci abinci in aika wa baffanka. Ka ce masa ya zo ranar Juma'a a sa rana, kafin ka ƙarasa rabar mana da barkonon a unguwa."

Ihun da leburorin nan suka yi, na tabbata an ji shi a Zogona. Paskal ya ɗaga ni sama da kayan aikinsa duk siminti, Rasmani na buga bokiti, dattawa na dariya suna share hawayen da ba a san na barkono ne ko na daɗi ba. Daga cikin gida aka rangaɗa guɗa, aka katse ta da atishawa. Aka zauna aka ci shinkafar nan tas, kuma ba wanda ya nemi a miƙo masa yaji.

Da yamma Habsatu ta kira ni. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai na ji ta kasa magana don dariya. Da ƙyar ta ce, "Na ce maka kar ka taɓa na bakin ƙofa." Na ce ai da ta gaya min abin da ke ciki. Ta ce in ta gaya min barkono ne zan tambayi na mene ne, ita kuma da wane baki za ta faɗa?

Bayan biki da daɗewa, da na ɗan saba da zama kusa da Malam, na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ranar nan bai yi tunanin fasawa ba. Ya ce tun ranar da aka gaya masa na rufe shagona na tafi neman abin da zai sanyaya wa leburori ya gama dubawarsa, ya ce wa Hajiya ta sayi barkono. "Wanda gumin wasu ya dame shi ba zai bar min 'ya a rana ba," in ji shi. "Sauran kuwa, ita tana da hankali, za ta riƙa duba maka buhu."

Fankar tana nan a benen makarantar har yanzu, da buhunta a gaba, wankakke, Hajiya da kanta ta zaɓo shi. Abin da na koya bai da yawa. In za ka rataya abu a gaban fanka, ka fara kai shi hanci, kuma in ka ji takun surukarka, gara ka tsaya ka durƙusa ka gaishe ta, don kunyar minti ɗaya ta fi ta gaban unguwa sauƙi. A gidana kuwa, duk Zongo ni kaɗai ne mutumin da ke atishawa ya yi hamdala a ƙi amsa masa nan take. 'Yar Malam Hamidu guda, sai ta leƙo daga kicin ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wane buhun ka ɗauko kuma?" sannan ta ce Yarhamukallah.